Rumbun Duwatsu

A Wagadugu aka fara cutata, kuma da Hausa aka yi ta.

Na sauko daga bis ƙafafuna a kumbure, ina rungume da jaka da ƙullin ƙuli-ƙulin Inna, ina tambayar motar Bamako da faransancina na lakwal, na ƴan makaranta. Wani mai farar hula ya matso ya ce, “Ƴar Damagaram ce ko?” Wai shi mutumin Mirya ne, ya san Hamdara, har ranar kasuwarmu ya faɗa. Na ji kamar kawuna na gani. Ya karɓi kuɗin tike, ya ce in zauna a inuwa kada rana ta ci ƴar uwarsa. Ina nan zaune har inuwar ta tashi ta koma ɗaya gefen.

Wata mata ce ta gan ni ina zagin iska. Madam Rahila sunanta, Kirista ce daga cikin birnin Zinder, tana fataucin atamfa. Ba ta ba ni haƙuri ba, dariya ta yi mini son ranta, ta ce duk wanda ya san garinku tun ba ki faɗa ba, to ki danne jakarki. Sannan ta je ta yi ta surutu da direba har ya yarda in zauna a kan bido, jarkar ruwa, tsakanin kujeru. In bayana ya gaji mu yi musanya, ita da ta isa ta haife ni ta hau bido ni in hau kujera. A wani shinge jandarma ya dubi gicciyen wuyanta, ya dubi hijabina, ya tambayi mece ce ni a wurinta. Ta ce ƴarta.

“Ƴarki da hijabi?”

“Mu a Damagaram haka muke haihuwarsu.”

Ya miƙo mana takardunmu yana murmushi. A Bamako muka rabu. Ta sa ni a motar Gine da hannunta, ta ja mini kunne a kan bakina, ta tafi. Ko lambarta ban karɓa ba, saboda ina sauri. Kullum ina sauri.

Sunana Zuwaira. Na ci jarrabawar bureve, amma ba a samu abin da za a kai ni lise, makarantar gaba, da shi ba, ga gero ya ƙi shekara biyu a jere. Yayana Lawali ya riga ya yi nisa, yana haƙar zinariya a wani ƙauye na arewacin Gine. Shi ya kira Baba ya ce ƴan ƙasarmu sun yi yawa a wurin, shinkafa da miyar ganye ta ishe su, suna neman mai tuƙa musu tuwo. Baba ya ce tunda hannun yayanta za ta, ta je. Ni ko hannun wa ne zan je, don zaman Hamdara ya kai mini iya wuya.

Ƙauyen ba ƙauye ba ne lokacin da na isa. Rumfunan leda shuɗɗa sun cinye shi ta kowane gefe, injinan niƙan dutse suna ruri tun safe, kowa fari fat kamar an tona shi daga toka. Na wuce Yaya Lawali sau biyu ban gane shi ba. Shi ya kira ni, “Ke Zuwe, idonki na ado ne?” Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma bakin yana nan.

Ya kama mana ɗaki a gidan wata tsohuwa Bamaninka, Na Saran (“Na” a yarensu Inna ke nan). Doguwa ce, ba ta da yawan magana, ta kasa tsakar gidanta ɗaki-ɗaki tana ba baƙi haya. Faransancinta na kasuwa ne, nawa na lakwal, da haka muka lallaɓa har na tsinci yarensu kaɗan. Ranar farko ta ɗanɗana tuwona ta tauna shi kamar magani, ta haɗiye don kunya. Ni ma haka na yi wa miyarta. Daga nan muka san juna.

Ga yadda aikin yake. Masu haƙa ba su da kuɗi a hannu sai sun niƙa dutse. Mai rami ne ke sayen hatsi da mai, ni in dafa, ladana kuma dutse ne: duk sanda aka yi rabo, mai tuwo tana da nata kason. Wanda ke yi wa ƙungiyar su Yaya rabo shi ne Sabi'u, ɗan Takieta, mai fara'a, mai kirana ƙanwata. Sauran mata masu dafa abinci, ƴan Mali da ƴan Burkina, da sun karɓi nasu sai wurin inji. A niƙa, a wanke, a kai wa masu sikeli, kafin la'asar sun sayi zane ko sun aika gida.

Ni ban yi haka ba. Ni ƴar Malam Issa ce, mutumin da bai taɓa sayar da gero da kaka ba. Tun ina ƙarama nake ji yana cewa wanda ya kai geronsa kasuwa da kaka, shi zai je sayensa da damina yana hawaye. Na tambaya, aka ce mini da damina ramuka suna raguwa, zinariya tana daraja. To me ya rage? Na share bayan ɗakinmu, na jera itace a ƙasa kamar yadda ake ɗaga gindin rumbu, na fara tara buhuna. Har leda nake rufa musu. Matan suna wucewa suna dariya, wata ƴar Mali ta tambaye ni ko gara nake tsoro. Yaya ya ce in niƙa ko buhu ɗaya mu gani. Na ce masa masu inji suna yanka wa mai ɗan kaɗan wuya, ni sai na tara zan je su yi mini ragi, kuma shi da bai taɓa ajiye ko goro ya kwana ba kada ya koya mini tattali. Ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ba da sa'a, Hajiya mai rumbu.

Kewar gida kuwa ba irin wadda nake tsammani ba ce. Na ɗauka Inna zan yi ta tunawa. Sai ga ni ina kewar yashi. Ƙasarsu ja ce mai danƙo, itatuwa sun rufe ko'ina, ba inda za ka tsaya ka hango ƙarshen duniya. Wata rana na ji kukan jaki daga nesa, na tsaya da muciya a hannu har tuwo ya kama.

Ana cikin haka aka rufe wurin.

Mai shela ne ya zagaya da lasifika a kan moto, wato babur. Meri, ofishin magajin gari, ta dakatar da ba da permi, takardar izinin haƙa, sabo ba za a bayar ba, wanda ya ƙare ba za a sabunta ba, sai an duba ramuka da rafi. Zuwa yaushe? Ba a faɗa ba. Da farko mutane suka ce ai an saba, a kai wa manya goro a ci gaba. Wannan karon goro bai yi ba. Jandarmomi suka zo suka ɗaure injinan niƙa da sarƙa, suka kwashe famfunan da ke zuƙe ruwa daga ramuka. Permin mai ramin su Yaya dama saura ƙiris ya ƙare, sai ya ƙare. Mutumin ya ce zai je birni ya ga wani babba. Har yau yana ganinsa.

Na taɓa ganin gari ya mutu da fari, a hankali, rumbu bayan rumbu. Wannan kamar an fyaɗe fitila ne. Shirun ne ya fara damuna, kunnena ya saba da rurin inji. Masu sayar da ruwa suka jingine kurayensu. Mai cajin waya ya naɗe wayoyinsa. Mahauci da ke yanka sa kullum ya koma akuya, daga baya ya koma zama. Tela ya ɗora kekensa a kan mota, kayan mutane ma bai gama ba. Ƴan kabu-kabu suna kwance a kan baburansu suna kallon hanya. Katifa, rediyo, tukunya, komai aka baza a bakin titi ana neman mai saye, kuma kowa mai sayarwa ne. Har matan ƙauyukan kewaye da ke kawo mana ganye da itace sai su juya da kayansu a ka. Matan nan masu dariyar rumbuna suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Ƴar Malin ta bar mini murhunta, ta ce ai ni mai dukiya ce, zan daɗe.

Na yi ta zagin magajin gari, har da kakanninsa, a gaban Na Saran. Ɗakunanta sun koma wayam, mu kaɗai muka rage, na ɗauka za ta taya ni. Sai ta ce in ɗauko tulu in biyo ta. Ta kai ni rafin da ke bayan gari. Ruwan ja ne kamar kunun kanwa, gefensa wani kumfa mai ƙyalli. Ta nuna mini fadamar da take shuka shinkafa a da, yanzu tudun ɓaraguzai ne da ramuka. Ta ce shanu sun sha ruwan wankin zinariya sun mutu. Ta ce ita da matan garin ne suka yi ta zarya meri har aka rufe.

Na ce, “Ke da kanki? To yanzu wa zai biya ki haya?”

Ta ce babu. Ta ɗora mini tulu muka wuce rijiya mai nisa. A hanya ne ta gaya mini ɗanta na fari rami ya rufta da shi, shekarun baya, farkon damina. Ban sake zagin magajin gari a tsakar gidanta ba. A waje dai na ci gaba, don ni ma ina da tawa gaskiyar: da sun ba mutane wa'adi, da ba a bar dubban baƙi da yunwa a hannu ba.

Ruwan farko ya sauka. A gida lokacin ne maza ƴan cin rani suke komawa, kuma Baba ya kira ya ce gona tana jira, shi gwiwarsa ba ta kai shi gabas da gari inda gonar take. Na ce wa Yaya mu tafi. Ya ce da me? Ya bar Hamdara da alkawarin sayo sa da amalanke, duk majalisa ta ji, yanzu ya koma da ƙanwa da tari? Kuɗin motar ma babu.

Sabi'u ya fara zuwa gidanmu. Yana tara samari suna shiga ramukan da aka rufe, can cikin daji inda jandarma ba ya kaiwa. Ba famfo, ba sabon itacen tokare, ƙasa ta jiƙe. Yana zaune a kan tabarmarmu yana cewa shiga uku kacal, Lawali, ka sayi sanka har da amalanken. Na ga idon Yaya yana bin bakinsa. Na ga ya ɗauko igiyarsa yana duba ƙulle-ƙullenta.

Na san yayana. In ka ce masa kada, ka tura shi ne. Sai na yi ciniki da shi. Na ce ga rumbuna nan, rabon raminku ne, kai da bakinka ka ce kun taɓa jijiyar zinariya mai kyau. Mu daka shi da hannu. In ya ba da kuɗin mota, mu tafi gida, ba sa ba amalanke. In bai bayar ba, ka bi Sabi'u, ba zan ce uffan ba. Ya yi dariya ya ce wannan alkawarin na ƙarshe ya fi ƙarfina. Na sa shi ya rantse, ni ma na rantse.

Dokar meri ba ta hana turmi ba. Inji aka hana da rami. Dakan hannu da wanki a ƙwarya aikin tsofaffin matan garin ne tun kafin a haifi magajin garin. Na Saran ta jawo wani turmin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonta, da taɓarya guntun ƙarfen mota. Na ce daka dai? Ni da na tashi a kan surfe. Kafin azahar tafin hannuna ya fashe. Dutse ba gero ba ne, kana dukansa yana rama wa har cikin haƙoranka. Yaya ya karɓa, bayan ya leƙa ya tabbata ba ɗan ƙasarmu a kusa. Ya ce in na kuskura na faɗa a Hamdara cewa ya riƙe taɓarya, sai ya ce ni ma an gan ni ina shan taba. Muka yi ta yi, shi ya daka ni in tankaɗe, garin dutse yana taruwa a kwano.

Na Saran ce mai wanki. Takan tsuguna gaban baho, ta juya ƙwarya a hankali, laka tana zuba, har sai baƙin yashi ya rage a gindi. Nan ake ganin abin in akwai. Buhun farko, ɗan ƙyalli kamar an yi atishawa. Na biyu haka. Na uku ko atishawar babu. Yaya ya daina wasa.

Da ya fita masallaci, tsohuwar ta buɗe sauran buhunan, ta ɗauki dutse ta tofa masa yawu ta murza, ta jefar. Ta ɗauki wani. Ta ce mini wannan dutsen bakin rami ne, wanda ake zubarwa. Duk macen da ke niƙa nata nan take, da an ba ta irinsa sau ɗaya za ta gane ta tayar da hankali. Ni da nake ajiyewa, an san ba zan gane ba.

Gero kana ganinsa da ido, ka murza zangarniya ka san abin da ka ajiye. Wannan ne Baba bai gaya mini ba, don shi bai taɓa ajiye dutse ba.

Na sami Sabi'u a rumfar mai shayi, na wanke shi tas a gaban mutane, har uwar da ta yi masa goyo ban bari ba. Bai ko ajiye kofinsa ba. Ya ce, “Ƙanwata, ke kika ce rumbu kike. Rumbu ai cika ake so ya yi.” Aka yi dariya. Sannan ya ce in gaya wa Lawali jibi za su shiga.

Ban gaya wa Yaya maganar dutsen ba. In ya ji, ko ya kashe Sabi'u ko ya bi shi, kuma duka biyun rami ne. Muka daka abin da ya rage kamar mahaukata. Ranar da Sabi'u ya sa, da hantsi, hadari yana haɗowa ta gabas, Yaya ya tsaya a kanmu da igiya a kafaɗa da tocila ɗaure a goshi. Ya ce a wanke na ƙarshen ya gani, don kada in ce ya karya rantsuwa.

Na Saran ta zuba gari a ƙwarya. Ta juya, ta juya. Ta tsaya ta ce bayanta, ta miƙe ta gyara ɗaurin zane, ta kwance bakin zanen inda take ƙulle goro, ta ɓantari goro ta jefa a baki. Ina tsugune dab da ita. Na ga yatsunta biyu sun koma cikin ƙwaryar a haɗe, sun fito a buɗe.

Ta ci gaba da juyawa. Laka ta tafi, baƙin yashi ya kwanta, sai ga su a gefe, rawaya, ƙwayoyi masu kauri kamar tsabar gero. Ba irin ƙurar da dutsen inji ke bayarwa ba ce, irin ta rafi ce, wadda tsofaffi suke tsinta da kaɗan-kaɗan tun zamanin da ruwan yake fari.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, don ni magana ba ta shawara da ni kafin ta fito. Sai na ji diddigen tsohuwar a kan ɗan yatsan ƙafata, ta danna da duk nauyinta, idonta yana kan ƙwarya.

Yaya ya durƙusa. Ya cire tocilar daga goshi ya haska, da rana tsaka. Ya ce, “Ban gaya miki ba? Na ce miki mun taɓa jijiya.” Na ce e, ka faɗa.

Da ya tafi wurin mai sikeli ɗaya da ya rage a garin, na bi ta madafa. Na ce Na, wannan ajiyarki ce ta ganin damina, ɗakunanki ba kowa, me za ki ci? Ta ce tana da ƴa a wani gari, kuma rafi zai washe. Na ce ba zan iya biya ba. Ta tofar da goro ta ce, “An taɓa shigo mini da ɗa ɗaya a tabarma ta ƙofar nan. Ba za a shigo da na biyu ba. Kwashe shi ku tafi.”

Abin ya kai mu gida, da ƙyar. A Bamako muka sayar da wayar Yaya, daga Yamai zuwa Zinder kuwa a bayan motar albasa muka zo. Tsarabar da muka shiga Hamdara da ita sabulu ne da murhun ƴar Mali. Inna ta karɓa kamar an kawo mata raƙumi. Mun tarar maƙwabta sun yi wa Baba gayya sun shuka rabin gonar, mu muka ƙarasa sauran.

Sabi'u ban san ƙarshensa ba. Wani ya ce ya samu har ya sayi moto, wani ya ce jandarma sun kama su, wani ya ce ba haka aka yi ba, ya kawar da zancen. An ce daga baya meri ta buɗe wasu ramukan ta bar wasu a rufe. Na Saran ba ta da waya. Na ba wani ɗan garin Dogo da zai koma can ƙullin ƙuli-ƙuli da turare ya kai mata, ban sani ba ko ya kai, ko ya cinye a hanya.

Yaya Lawali har yanzu yana ba da labari a majalisa, yadda dutsen raminsa ya yi ƙwaya kamar gero, yadda da meri ba ta rufe ba da yanzu shi ne mai motar Hamdara. Ba ya karanta boko, kuma na san ba mai karanta masa wannan. Ran nan muna gona ya sake ɗauko zancen, ya ce da na bar shi ya shiga sau ɗaya tak, da ba mu nan muna cin rana. Na ji maganar ta taso mini har maƙogwaro. Na dubi ɗan yatsan ƙafata, farcen bai sake fitowa daidai ba.

Na ce, “Yaya, layinka ya karkace.”

Ya duba, ya ja tsaki, ya koma ya gyara.